Kwarjinin da Gafara Ya Kwaso Daga Tanut

A Tudun Aduwa, wani ƙauye da ke tsakanin Tanut da Belbeji, inda za ka bar kwalta ka yi ta nutsa cikin rairayi har jakinka ya soma yi maka kallon tuhuma, an yi wani mutum mai suna Abdulgafar. Tun yana yaro aka gutsure sunan ya koma Gafara, ya bi shi har ya tara gemu. Manomin gero ne kamar kowa a Damargu, da jakinsa ɗaya da amalankensa, sai dai bakinsa ya fi gonarsa faɗi. In ka ji yana ba da labarin damina, sai ka rantse shi ya aiko da hadarin.

A shekarar da abin nan ya faru aka haƙa wa garin foraj, wato rijiyar burtsatse, aka ɗora tankin ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, aka jera famfo huɗu da kwamin shayar da dabbobi. Mutane suka huta da tsohuwar rijiyarsu, wadda sai raƙumi ya ja igiya ya yi tafiya kamar zai je Agadas kafin guga ya leƙo. Amma murnar ba ta yi mako biyu ba faɗa ya soma. Mata da jarkokinsu su ce su ne farko, makiyaya da garkensu su ce dabba ba ta san layi ba. Aka fasa tuluna, aka karya kan famfo sau biyu. Ran nan sai ga Madam Zuhaira daga ma'aikatar magajin gari, ta sauko daga mota ta dubi ɓarnar, ta ce:

"Ku aiko mutum ɗaya Tanut a yi masa formasiyo, wato horo, na kwana biyu. Sannan ranar Alhamis ta sama ku zaɓi shugaban komiten ruwa. In na dawo na iske ba ku daidaita ba, wallahi kwaɗo zan sa wa injin in tafi da makulli, ku koma wa rijiyarku."

Ana tsakiyar bazara, rana kamar ta sauko ta zauna a kan mutum, awaki sun rame har kwali suke ci. Ba mai son komawa wa rijiyar nan. Nan take aka ce Hashimu ya je. Hashimu shi ne mai gyaran keke da rediyo da duk abin da ya lalace a garin, mutum ne da zai wuni bai yi magana goma ba. Aka waiga neman sa, yana can tsugune yana ɗaure kan famfon da aka karya. Kafin a kira shi, Gafara ya riga ya shige motar Madam ya rufe ƙofa, yana ɗaga wa jama'a hannu.

A Tanut an sa shi da sauran waɗanda aka aiko a wani ɗaki mai fanka. Gafara bai taɓa zama a inuwa mai daɗi irin wannan ba, saboda haka ya yi abin da ya dace da ita: ya yi barci. Ya yi na ranar farko cif, ya ɗora na biyu. Bai farka ba sai da mushe, malamin da ke koyarwa, ya buga tebur ya ce, "Karisim! Wato kwarjini. Shugaba mai kwarjini, in ya tsaya, jama'a da kansu suke bin bayansa. Amma ku saurara da kyau, kwarjini shi kaɗai..." Daidai nan aka shigo da tiren shinkafa da nama, kunnuwan Gafara suka bi hancinsa. Abin da mushe ya ce daga baya, har yau Allah kaɗai ya sani, sai waɗanda suka saurara.

Ya dawo gida da takardar shaida a naɗe a hannu kamar sandar mulki. Aka taru a gindin aduwar ƙofar gidan Maigari Mailafiya, dattijo mai sanyin hali.

"To, Gafara, me aka koya muku?" in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya ne ya hana garin nan zaman lafiya. Ba mu da karisim."

Tsohuwa Hawwa mai ƙosai tana gefe da kaskonta. Ƙanwar kakar Gafara ce, akwai wasan jika a tsakaninsu, ba ta kiran sa sai da angona. Ta ce, "Angona, shi wannan karisim ɗin, ci ake ko shafawa ake?"

"Kwarjini ke nan da Faransanci, Iya. Amma na Faransancin ya fi ƙarfi."

Hashimu ya yi gyaran murya ya ce, "Ba su ce komai a kan robar bakin famfo ba? Ita ce ke yawan cinyewa."

"Ji shi fa! Ana maganar shugabanci kana maganar roba. Sharuɗɗan abin biyar ne. Na ɗaya, ido: ka dubi mutum ba ƙiftawa har jikinsa ya mutu. Na biyu, ƙarancin magana. Na uku, shugaba ba ya waiwaye, ko me ya ji a bayansa."

"Sauran biyun fa?" in ji Maigari.

"Ranka ya daɗe, waɗannan sirri ne na waɗanda suka je."

Gaskiyar magana, ko ukun ma a cikin mota ya ƙago su a kan hanyar dawowa. Amma da ya ji su sun fito daga bakinsa, sai suka yi masa daɗi har ya yarda da su. Ya sanar da cewa ranar Alhamis zai tsaya takara, kuma kafin nan zai nuna wa Tudun Aduwa abin da ba ta taɓa gani ba. Wannan alkawarin kam ya cika shi.

Washegari da sassafe ya juye tandun kwallin matarsa Sakinatu, ya rambaɗa wa idanunsa har suka koma kamar bakin murhu. Ya jawo turmi ya kife, ya zauna a gabanta tana tankaɗe, ya zuba mata ido. Ta yi tankaɗenta. Ya ƙara zaro su. Ta ɗago.

"Maigida, lafiya?"

Ya ƙara matso da fuska.

"Kunama ce ta harbe ka?"

"Ba ki ji komai ba? Jikinki bai yi sanyi ba?"

"Na ji mana. Tausayinka na ji. Ga hawaye nan baƙi ƙirin yana bin gemunka."

Gafara ya ce a ransa mace da mijinta sabo ya yi yawa, ba a nan ake gwaji ba. Ya fita. Ya iske Maigari a kan buzunsa yana jan carbi, ya gaishe shi, ya kafe shi da ido. Maigari ya shafa gemu ko tuwo ya maƙale. Ya taɓa hularsa. Ya duba bayansa ko maciji ne. Da ya rasa dalili sai ya ce, "Yaro, in fitsari kake ji, zagaya bayan gida, ba komai."

Ya wuce wurin Hawwa, ya tsaya a kan kaskonta ya zuba mata nasa. Ta ajiye tsinken tsamo ƙosai, ta gyara kallabi.

"Ayyiriri! Shekara saba'in ba namijin da ya dube ni haka. Sai dai ka makara, angona, haƙorana sun ƙare."

Hayaƙin kasko ya shiga idanun da aka hana ƙiftawa, suka yi jawur kamar barkono. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa Gafara ya kwaso ciwon ido mai yaɗuwa daga Tanut. Duk inda ya nufo, mata su ja ƴaƴansu su shige gida, maza su kauce su bi ta bayan danga. Ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, bakinsa har kunne.

"Sakinatu, kin gani? Wuni ɗaya tak! Ina tafiya hanya na buɗewa da kanta."

"Na gani. Har Liman ya aiko maka da ruwan tofi, ya ce ka riƙa wanke fuska, kuma ka yi sallarka a gida kwana uku."

"Shi ma ya kasa haɗa ido da ni ke nan."

Kwana biyu bayan haka ya shiga sharaɗi na biyu. Ya yanke cewa daga yau duk wanda ya yi masa magana, amsa ɗaya ce: "Hmm," daga can ƙasan ƙirji, irin na manya. Mutanen Tudun Aduwa ba su je formasiyo ba, amma ba su yi rabin wuni ba suka gane amfanin abin.

Maƙwabcinsa ya leƙo ta kan danga. "Gafara, in ɗauki jakinka in je ɗebo kara?"

"Hmm."

Jaki ya tafi. Wani ya zo. "Tunda jakin ba ya nan, amalanken zaman me yake? In ja shi?"

"Hmm."

Amalanke ya bi jaki. Aka ari tsani, aka ari gatari, aka ari tabarmar da yake zaune a kai, ya tashi tsaye aka naɗe ta yana kallo. Hawwa da ta ji labari ta taso da sandarta takanas ta ce, "Angona, ai ka ce ka bar mini tukunyar shayin nan taka, ko?" Gafara ya buɗe baki, ya tuna shugabanci, ya rufe. Hmm ɗin da ya fito siriri ne kamar kukan sauro, amma Hawwa ta ce ta ji sarai.

Sakinatu tana kallon duk wannan daga bakin madafa. Akwai wani jan zakara da Gafara ke ji da shi kamar ɗansa, wanda ya addabe ta da tone mata shanya. Ta zo ta durƙusa da ladabi.

"Maigida, zakaran nan naka, in kai a yanka mana shi?"

Idanun Gafara suka ƙara fitowa. Ya so ya ce a'a, sai ga mutum biyu a zaure suna jiran aron galma, suna ji.

"Hmm," in ji shi, kamar ana zare masa haƙori.

Da rana ya ci miyar zakara yana sharar hawaye. Sakinatu ta ce, "Kwallin ne har yanzu?" Ya ce, "Hmm."

Ranar Talata da hantsi ihu ya tashi a bakin foraj. Aghali makiyayi ne ya iso daga wajen Tenhiya da raƙumansa, kwanansu uku ba su sha ba. Mata kuma sun ce tun asuba suke layi, ba su ɗora tukunya ba. Famfo ɗaya ne ke zuba da ƙarfi, kowa shi yake so. Wata ta ɗaga muciya, Aghali ya gyara sandarsa a kafaɗa. Gafara ya ji hayaniyar daga gida, ya ce yau ranar ta zo. Ya naɗa rawani mai tsawon igiyar guga, ya nufi wurin. Mata suka ga jajayen idanu sun tunkaro, suka dare biyu. Ya ratsa tsakiyarsu ya tsaya.

Ya auna a ransa cewa in ka karya babba, ƙanana sun karye. Babba kuwa a wurin nan ba Aghali ba ne, amalen raƙuminsa ne, wani ƙato mai kumfa a baki. Gafara ya je gabansa ya ɗaga kai, ya kafe shi da ido.

Raƙumi ya dube shi. Ya ci gaba da tuƙa.

"Gafara, matsa daga nan," in ji Aghali. "Wannan ba ya son a dube shi. Ni da na rene shi ma ta gefe nake kallon sa."

"Hmm."

"Na gaya maka fa. Ba shi da kunya."

Aka yi ta kallon kallo, mutum da raƙumi. Can sai amale ya miƙo wuya a hankali, kamar mai son gaisawa. Gafara ya ji daɗi ya ce a ransa, ga shi zai rusuna. Raƙumi ya kama jelar rawanin da leɓɓansa, ya ɗaga kai sama, ya ja. Rawani ya soma warwarewa, Gafara ya soma juyawa kamar mazari. Ya zaga sau ɗaya, ya zaga sau huɗu, ya zaga har ya daina sanin ina gabas. Da rawanin ya ƙare, sai ya yi taga-taga da baya ya zauna daram cikin kwamin ruwa, ƙafafu a sama.

Mai muciya ce ta fara fashewa da dariya, ta zube a kan jarkarta. Sauran mata suka ɗauka. Aghali ya yi ta dariya har ya jingina da wuyan raƙuminsa yana share ido da bakin mayafi. Masu shirin fasa wa juna kai ɗazu, yanzu suna tafawa.

Ana cikin wannan, Hashimu ya gama abin da yake yi tun farkon faɗan, ba wanda ya lura da shi. Ya jawo rabin duro ya ajiye can nesa, ya jona dogon tiyo daga famfon da ke zuba a hankali. Ya ce, "Aghali, kai raƙumanka can, zai cika kafin su gama na kwami. Mata ku riƙe mai ƙarfin." Maganarsa ke nan duka. Kowa ya kama gabansa.

Gafara daga cikin kwami ya ɗaga yatsa, ya manta da sharaɗi na biyu. "Kun gani da idonku! Ina isowa faɗa ya mutu!"

"Mun gani," in ji Aghali. "Fito daga ruwan raƙumana tukuna. Ga rawaninka, rabin da ya rage."

A hanyar gida, yana tafe ruwa na ɗiga, ya yi nazarin abin da ya faru ya gano inda matsalar take. Ba idonsa ba ne, ba shirunsa ba ne. Tufafi ne. Wane raƙumi ne zai girmama mutum cikin ƴar rigar zaman gida? Ya buɗe akwati ya fito da babbar rigar aurensa. Shekaru sun cinye ƙarfinta, ta yi laushi kamar tsumman tace koko.

"Sakinatu, gobe a sa wa rigar nan sitaci. Ina so ta tsaya kamar bango."

"A'a, magana ta dawo? Barka. Sitaci dai babu a garin nan, sai Belbeji ranar kasuwa."

"To ki dama kunu mai kauri ki tsoma ta. Ai duk ɗaya ne."

"A zafin nan? Kafin azahar ta yi tsami, ƙudajen Damargu duka su yi maka rakiya."

"Sa kanwa da yawa, ba za ta yi tsami ba. Ƙara da gishiri."

"Maigida, riga za ka sa ko buɗa-baki za ka yi?"

"Ke dai yi abin da na ce. Ke kika je Tanut ko ni?"

Sakinatu ta ɗaga kafaɗa. Ranar Laraba ta dama kunun kanwa cike da babbar tukunya, ta tsoma riga, ta shanya. Gafara ya taɓa ya ce bai isa ba, aka sake tsomawa. Aka yi na uku. Da rana ta gama aikinta, rigar ta sauka daga igiya ta tsaya da ƙafarta a tsakar gida kamar bukka. Akuyar gidan ta yi ta kuka tana jan turke har sai da aka ƙara mata igiya.

"Kin ji?" in ji Gafara. "Tun ban shiga ciki ba ta fara aiki."

Ranar Alhamis sai da ya rarrafa ta ƙasa ya shiga rigar, kansa ya ɓullo ta wuya. Hannuwa suka ƙi lanƙwasuwa, suka tsaya a buɗe kamar fikafikan ungulu. Ƙofar zaure ta ƙi shi ta gaba, ta ƙi shi ta gefe, dole aka kwance zana ɗaya daga danga aka fitar da shi ta nan. Ya nufi foraj yana tafe rigar na ƙara, ƙaras, ƙaras.

Gari duka ya hallara. An tsayar da ruwa sai an gama zaɓe, saboda haka dabbobin gari da na makiyaya suna can gefe an tare su, awaki da tumaki da jakuna da raƙuma, ga ƙishirwa ga yunwa. Madam Zuhaira ta tsaya kusa da Maigari, kwaɗon nan da ta yi alkawari yana hannunta kowa na gani.

"Abin mai sauƙi ne," in ji ta. "Ɗan takara ya tsaya ya ba jama'a baya. Wanda ke son sa ya yi layi a bayansa, in ƙidaya. Wa zai tsaya?"

Ƙaras, ƙaras, Gafara ya fito fili, ya zaɓi wani ɗan tudu ta inda iska ke busowa, don rigar ta samu shiga idon kowa. Ya juya baya ya ƙame.

"Sai wa?"

"Hashimu," in ji Aghali.

Hashimu bai ji ba. Robar nan ta sake cinyewa, yana durƙushe a gaban famfo da sifana a hannu, ya ba duniya baya. Madam ta ce, "Bar shi a yadda yake, ai ya riga ya juya. Bismilla, kowa ya bi nasa."

Gafara yana kallon sararin Allah, ƙirji a gaba. Da farko bai ji komai ba sai takun mutum ɗaya, ya gane na Sakinatu ne. Ya ce a ransa, sauran kwarjini ne ya riƙe musu ƙafa. Iska ta kaɗa, ta ɗebi ƙanshin gero da kanwa da gishiri, ta kai shi inda aka fi bukatarsa.

Akuyar Hawwa ce ta fara ɗaga hanci. Ta zille ta ƙarƙashin sandar mai tsaro. Ta biyu ta bi ta. Sai garke ya ɓalle gaba ɗaya.

Gafara ya ji ƙasa na rawa a bayansa. Taku, taku, ba iyaka. Ya ƙara turo ƙirji. Ashe haka garin nan ke son sa suke ɓoyewa! Ya ji an ɗan ja gefen rigarsa. Ya ji an ja wancan gefen. Allah sarki, har tabarruki suke nema.

Jama'a suka hango, suka ɗauki ihu suna kora: "Gafara! Kai, gafara! Gafara daga nan!"

Sunansa a bakin gari duka! Ya ɗaga sandararren hannunsa sama yana amsa gaisuwa.

"Maigida, waiwayo!" in ji Sakinatu, tana dukan wani rago da takalmi.

"Shugaba ba ya waiwaye," ya faɗa ta gefen baki.

"Maigida, don girman Allah waiwayo!"

"Ki gaya musu su bi a hankali, kowa zai samu wuri."

"Ai kowa ya samu! To ni dai na faɗa." Wata tunkiya ta bangaje ta, ta koma gefe ta riƙe haɓa.

Ƙurus, ƙurus, ƙurus, kamar ana cin ƙuli-ƙuli a bayansa. Gafara ya ɗauka ƙarar sitaci ce. Sai ya ji wata iska mai daɗi tana shafa masa ƙwauri, ta hau cinya, ta hau gadon baya. Ya lumshe ido, karo na farko a mako guda. Wannan shi ne sanyin nasara, in ji shi a ransa. Daga gaba kuwa rigar na nan tsaye ƙyam, ba abin da ya same ta. Daga baya babu komai sai tsohuwar singileti da wando mai faci biyu, ɗaya shuɗi ɗaya ja.

Hawwa ta zauna a ƙasa daɓas tana dukan cinya. Maigari ya cusa bakin rawani a baki, kafaɗunsa na rawa. Madam Zuhaira ta juya ta kifa kai a jikin mota.

Sai wata inuwa ta rufe Gafara ta sama, wani ɗumin numfashi da ya sani ya sauka a ƙeyarsa. Amalen Aghali ya iso, ya tarar ƙanana sun cinye na ƙasa, ya kama abin da ya rage a wuya ya fizga. Gaban rigar ya tafi gaba ɗaya ya faɗi ƙasa, fam, kamar ƙyaure. Wani harshe mai kaushi ya lashi bayan Gafara, inda gumi ya narkar da kunu.

Nan fa shugaba ya waiwaya.

Ya ga idanu sun fi ɗari suna kallon sa, ba mai ƙiftawa. Har da jakinsa da aka ara, da guntun aljihu a baki.

"Wayyo Allah! Sakinatu!"

Ya zuba da gudu, garke ya rufa masa baya. Ya zaga tankin ruwa sau ɗaya, suna biye. Ya zaga na biyu, wasu suka yi wayo suka tare shi ta gaba. A na uku ya daka tsalle ya kama tsanin ƙarfe, ya haye kamar ƙadangare, ya maƙale a can sama. Dabbobi suka kewaye gindin tanki, kawuna a ɗage, suna kiran sa da murya ɗaya.

Daidai lokacin Hashimu ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya share hannu a wando, ya juyo. Ya ga layi tun daga bayansa har gindin aduwa, maza da mata, manoma da makiyaya.

"Ku yi haƙuri, yanzu za a buɗe," in ji shi. "Amma ina jarkokinku? Kun yi layi hannu wofi?"

"Kai muka yi wa layi," in ji Maigari, yana share hawaye. "Kai ne shugaban komite."

"Ni, Baba? Ni da ban iya magana ba?"

"Mun ji masu iyawa," in ji Aghali. "Buɗe mana ruwa."

Daga sama murya ta sauko. "Madam! Ban yarda ba! Kin ce a ƙidaya wanda ya tsaya a baya. A ƙidaya nawa!"

Madam Zuhaira ta jefa kwaɗon cikin jaka, ta sa hannu ta kare rana tana duban sa. "Gaskiyarka, Malam Gafara. Na ga awaki, na ga tumaki, ga jaki, ga raƙumi. Mace ɗaya ce, ita ma an ture ta."

"Wa ya fi yawa, ni ko shi?"

"Kai ne, nesa ba kusa ba."

"To!"

"To su kawo katin zaɓensu in rubuta."

Hashimu ya murɗa famfo. Ruwa ya bugi kwami, shaaa. Kunnuwa suka miƙe a gindin tanki. Kafin Gafara ya haɗa amsar da zai ba Madam, garken nan kaf ya juya ya kwasa a guje, ƙura ta tashi. Da ta lafa, ba akuya ba tunkiya, har jakinsa yana can ya tsoma baki cikin ruwan Hashimu.

Gafara ya leƙo ƙasa. "Ko ɗaya bai tsaya ba?"

"Ni na tsaya," in ji Sakinatu. Tana tsaye ita kaɗai da takalmi ɗaya a hannu. Ta ciro mayafinta ta miƙa sama. "Sauko ka rufa. Ka biyo bayana, kada ka ce uffan."

Ya sauko, ya ƙudundune cikin mayafi mai furanni. Hanyar gida kuwa dole ta tsakiyar jama'a ta bi, ga su nan sun jeru, kowa da maganar da ya tanada a baki. Sakinatu ta sa takalminta, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗago kai ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mai dariya ya mayar da ita tari. Aghali ya ga ashe akwai abin dubawa a ƙafar raƙuminsa. Hawwa kanta ta buɗe baki, ta fasa, ta kama gyaran kallabi. Hanya ta buɗe fetal, suka wuce ba wanda ya ce tak.

Sai da suka kusa danga Gafara ya matso kusa da kunnenta, murya ƙasa-ƙasa.

"Sakinatu... wannan a ina kika koyo shi?"

"Shekara goma sha biyu ina zaune da kai," in ji ta. "Shige ka ɗaura zanar nan da ka sa aka kwance."